Shararren Wuri a Bakin Teku

Akwai wata yarinya a unguwar Al Qusais, a birnin Dubai, wadda ta san komai. Shekarunta goma sha ɗaya. Idan malama ta yi tambaya a aji, hannunta na sama tun kafin tambayar ta ƙare. Rannan ma ta ɗaga hannu, alhali atishawa kawai malamar ta yi.

Mahaifinta, Alhaji Labaran, ɗan kasuwa ne. Yana sayen takalma da jakunkuna a kasuwar Naif, yana aikawa Kano ta jirgin kaya. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, don haka ba ya kama sunan. "Uwata" yake ce mata.

A hutun Disamba, Kaka ta zo daga Kano aka yi mata aikin ido. Shekara uku ta yi tana ganin duniya kamar ta cikin kofin koko. Ranar da aka cire mata bandeji, ta ƙare wa ɗanta kallo.

Ta ce, "Kai! Ashe haka ka tsufa?"

Saura kwana biyu ta koma gida, sai ta ce abu ɗaya take so.

"Teku. Ba a waya ba, ba ta tagar mota ba. In zauna a gabansa, in ga rana ta faɗa a cikinsa da sabon idona, in kwana ina jin motsinsa."

Baba ya ce, "To, Hajiya. Amma likita ya ce kada ki wahala. Idan wani abu ya dame ki, ko yaya yake, khalas, shi ke nan, mu naɗe kaya mu dawo."

Yarinyar ta ce, "Ba abin da zai dame ta, Baba. Ai ina nan."

Baba ya sayo tanti a Naif. Bai taɓa kafa tanti ba. Tantin da ya taɓa shiga a duniya na Mina ne, shi ma a kafe ya tarar da shi.

Amma suna da maƙwabci, Malam Eli, mutumin Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Duk shekara shi da matarsa Magret sukan yi hayar wata doguwar mota mai ɗaki, da gado da kicin a ciki, su je bakin teku su kwana. Aka shirya za a haɗu a can.

Ranar Asabar da hantsi suka isa wani bakin teku a bayan gari, inda aka yarda mutane su kwana. Motar Baba har nishi take. Ga kula uku, ga tabarmi, ga filo, ga buta biyu, ga gawayi. Umma Safiya ta ɗauko komai, firji kawai ta bari, shi ma don ya ƙi shiga lif ne.

Suna tsayawa wayar Baba ta yi ƙara. Maganar kwantenar kayansa ce.

Ya toshe wayar da hannu, ya ce, "Uwata, ga motar Malam Eli can bayan tudun yashi. Je ki gaishe shi, ki tambaye shi inda ya kamata mu kafa. Ki saurara da kyau."

Ta ruga. Ta tarar da Malam Eli yana ɗaura ƙugiya a sandar kamun kifi.

"Ina kwana, Baba Eli? Baba ya ce a ina za mu kafa tanti?"

"A'a, 'yar Alhaji! Kun iso?" Ya miƙe ya nuna mata. "Kin ga wancan dogon layin na ciyawar teku da ƙirare? Ku kafa ta nan sama da shi. Kada ku tsallaka shi. Dalili kuwa shi ne…"

"Na gane!" in ji yarinyar. Kafin ya rufe baki, ta yi nisa.

Malam Eli ya ɗaga kafaɗa. Shi da Magret suka ɗauki guga, suka tafi can wajen duwatsu kamun kifi.

Yarinyar ta tsaya ta duba wurin da aka nuna mata. Yashi ne mai nitsar da ƙafa. Ga busasshiyar ciyawa, ga ƙirare, ga ƙarnin kifi. Har da wani tsohon silifas guda ɗaya, mai shi ya daɗe da haƙura.

Ta yatsine fuska. Kaka fa tun da ta samu sabon ido ba abin da ke kuɓuce mata. Shekaranjiya ta gano ƙura a saman firji, ta gano furfura biyu a kan Umma.

Sai ta dubi ƙasan layin. Tubarkalla! Fili ne shimfiɗaɗɗe, sumul, ba ko tsinke. Ga ɗan danshi mai sanyi. Kamar tsakar gidan da aka share aka yayyafa wa ruwa da safiyar Sallah.

Ta ce a ranta, "Baba Eli ya san gyaran na'ura. Amma shara? Ina ya san shara?"

Ta koma ta nuna wa Baba filin. "Can ya ce."

Baba ya ce, "Madalla. Ko ni can zan zaɓa."

Da Kaka ta taka wurin, ta riƙe baki. "Kai, Larabawa akwai tsafta! Har bakin teku sai sun share, sun yi yayyafi. Takwara, Allah ya yi miki albarka."

Kan yarinyar ya ƙara girma. Da ɗankwalinta ba mai faɗi ba ne, da ya yage.

Umma ce kawai ta yi ta waige-waige. "To me ya sa ba kowa a nan? Duk mutane suna can sama."

"Ba su waye ba ne, Umma," in ji yarinyar.

Aka shiga kafa tanti. Baba ya ce ba ya buƙatar takardar bayani. Ya shiga ciki da sanda ɗaya, tanti ya rufta a kansa. Aka yi ta jin muryarsa daga ciki: "Ku ja! A'a, shwaiya shwaiya, a hankali! Safiya, kunnena kike ja!" Sai da aka yi awa biyu tanti ya tsaya da ƙafarsa. Turaku kuwa suka shige ƙasa salin-alin.

Teku yana can nesa, yana ta harkar gabansa. Kaka ta auna da ido, ta ce tsakaninsu ya kai daga gidanta zuwa masallacin unguwa.

Suka yi sallar azahar. Suka ci dambun shinkafa. Aka ajiye kular kaza ta dare. Iska mai daɗi ta taso, barci ya kwashe manya ɗaya bayan ɗaya.

Yarinyar ta leƙa waje. Sai ta ga kamar teku ya matso. Ta murza ido. Lallai ya matso. Ta tuna Baba Eli ya fara cewa "dalili kuwa". Ta yi tunanin ta tashi Baba. Amma in ta tashe shi, me za ta ce?

Ta ce a ranta, "Ruwa ai ba ya tafiya sai da damina. Dam ɗin Tiga da muka je, yana nan inda muka bar shi."

Ta ja zif ɗin tanti, don kada ta ƙara gani. Ta kwanta.

Wajen la'asar Kaka ta motsa.

"Takwara, buta ce ta zube?"

Ba buta ba ce. Butar ma ga ta can tana yawo a cikin tanti, ta zagaya kan Baba sau biyu. Baba ya zabura.

"Wa ya bar famfo a buɗe?"

"Wane famfo, Alhaji? Teku ne!" in ji Umma.

Aka buɗe zif. Shararren fili ya ɓace. Ruwa ta gaba, ruwa ta baya. Silifas ɗin Baba sun kama hanya, ɗaya ya nufi Indiya, ɗaya bai yanke shawara ba tukuna. Kular kaza na bin su a baya tana rangaji. Baba ya rarumo hularsa zai sa, ya tarar wata ƙaguwa ta riga shi shiga.

Kaka ta rufe fuska da hannu biyu. "Idona! Sabon idona! Kada gishiri ya shiga!"

Baba ya goya ta, ya yi sama da gudu, ruwa har ƙwauri. Kaka na baya tana ba da umarni ido a rufe: "Dama! Hagu! Kai, ka iya tafiya kuwa?"

Malam Eli da Magret suka hango su, suka yar da guga suka sheƙo. Mutanen da ke sama ma suka sauko. Aka tumɓuke tanti, aka jawo shi kamar an kamo babban kifi. Wani Balarabe ya ceto kular kaza, ya miƙa wa Umma yana dariya.

Da aka tsallake layin ciyawa, Baba ya sauke Kaka. Yana haki, rigarsa na ɗiga.

"Haba, Malam Eli! Kai da muka amince da kai, ka ce mu kafa a cikin ruwa?"

Malam Eli ya buɗe baki. Ya dubi yarinyar. Sai ya rufe bakin.

Baba ya ce, "Khalas. Hajiya ta jiƙe. Yalla, maza ku kwashe kaya, gida za mu."

Kaka ta buɗe ido a hankali. Ba ta yi musu ba. Ta dubi rana, da sauranta a sama. Ta dubi teku. Sannan ta fara matse bakin zaninta.

Wannan shirun ya fi duka zafi. Yarinyar ta fashe da kuka.

"Baba, ba laifin Baba Eli ba ne. Nan sama ya ce. Ni ce na ga wurin da datti, na canja. Ya fara gaya mini dalili, na gudu. Kuma na ga ruwan yana matsowa, na ja zif."

"Kika ja zif," in ji Umma. "Don kada teku ya ga hanya?"

Baba ya ce, "Uwata, kin yi mini ƙarya, kin sa na ɗora wa mutumin kirki laifi. Malam Eli, ka yafe ni."

"Ba komai, Alhaji."

Yarinyar ta share hawaye. Ta durƙusa gaban Malam Eli. "Baba Eli, ka yi haƙuri. Don Allah, mene ne dalilin?"

Ya yi murmushi. "In faɗa duka, ko za ki gane a tsakiya?"

"Duka."

"To. Teku ba kamar dam ba ne. Kullum yana janyewa, yana dawowa, kusan sau biyu a kwana ɗaya. Idan ya dawo, yakan turo ciyawa da ƙirare, ya ajiye su inda ya tsaya. Wannan layin da kika raina, shi ne iyakarsa. Filin da kika gani sumul kuwa, shi ya share abinsa. Duk inda kika ga danshi a bakin teku, mai wurin ya fita ne, yana nan dawowa."

Kaka ta ce, "Oh! Ni da nake ta yabon Larabawa."

Baba ya sosa ƙeya. "Ni ma da na ajiye waya na zo da kaina, da ba haka ba."

Yarinyar ta juya gare shi. "Baba, ka hukunta ni yadda ka ga dama. Amma kada Kaka ta koma Kano ba ta ga faɗuwar rana ba. Ba ita ta yi laifi ba."

Magret ta ce, "Alhaji, ga gado a mota. Mama da Hajiya Safiya su kwana tare da ni. Ina da busasshen zani, ga shayi a wuta. Ku maza ku ji da tanti."

Baba ya dubi Kaka. "Hajiya, idon fa?"

"Ko ɗigo bai shiga ba. Gudunka ne kawai ya kusa karya ni."

Baba ya yi dariya. Can ya ce, "To, mun zauna. Amma Uwata, ke za ki shanya duk abin da ya jiƙe. Kuma ke za ki sake zaɓar wuri, Malam Eli na biye da ke."

Haka aka yi. Ta nuna wani wuri, ta tambaya. Malam Eli ya ce kwari ne, in an yi ruwan sama nan zai taru. Ta nuna wani, ya ce ya yi kusa da hanyar motoci. Sai a na uku ya gyaɗa kai. Ya nuna mata ta inda iska ke busowa, don ƙofar tanti ta ba ta baya. Ya koya mata ta binne turaku da zurfi, domin busasshen yashi ba ya riƙo. Sau biyu "na gane" ta taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye ta.

Ciyawa da ƙiraren kuwa, tsintsiyar Umma ta gama da su a minti biyar.

Kafin magariba tanti ya sha iska. Aka ajiye wa Kaka kujera a kan tudu, da zanin Magret a jikinta, da kofin shayi a hannu. Baba na tsaye da silifas ɗin aro mai ruwan hoda da fure a sama. Ba wanda ya yi dariya, sai da ya juya baya.

Rana ta yi ja, ta sauko a hankali, ta taɓa ruwa. Teku duka ya koma kamar an zuba masa manja. Kaka ba ta ko ƙifta ba har ta nutse.

"Alhamdulillahi," in ji ta. Ta jawo yarinyar jikinta. "Takwara, kin jiƙa ni, amma kin faɗi gaskiya, gaskiyar kuma ita ta zaunar da mu. Me kika koya?"

Yarinyar ta ce, "Idan aka aike ni, in kawo saƙo yadda aka ba ni. Idan wanda ya fi ni sani yana magana, in saurara har ya gama. Kuma ba kowane wuri mai kyan gani ba ne wurin kwana."

"Shi ke nan," in ji Kaka. "To, buɗe kular nan mu gani ko kazar ta ji gishiri."