Ciki da Falo a Kiyawa

"Nan ne?" in ji Ikilima.

"Nan ne," in ji Musaddiq, wanda za ta aura. Makullin yana hannunsa, amma ya kasa miƙa mata.

Ta sake kallon gidan. Ciki da falo ne a ƙarshen wani layi a Kiyawa, yana ta ƙamshin sabon fenti, bayan katangarsa kuwa sai gonaki iya ganinka. Ƙawarta Ruwaida da ta rako ta tuni ta ja gefe, ta yi kamar tana amsa waya.

"Ka ce min za mu je mu ga gidanmu. Na ɗauka Takur za mu, a cikin Dutse. Da na ga mun wuce Shuwarin sai na ce ko wani wuri za ka fara biyawa..."

"Gidan Takur ba ya nan, Kilimata."

"Ba ya nan kamar yaya? Tashi sama ya yi?"

"Mai gidan ya fasa. Ya dawo min da abin da na ba shi."

"Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun bayan sallah."

"Tun bayan sallah!" Ta dafe ƙirji. "Ni da na auna tagogi na kai ɗinkin labule? Kullum ina yi maka hirar inda zan sa kujeru, kana murmushi kana cewa to?"

"Ba lungun da ban shiga ba a Dutse. Fagoji, Yalwawa, Gida Dubu... Inda na iya, ba ya zaunuwa. Inda yake zaunuwa, albashin malamin makaranta ba ya kaiwa. Nan akwai ruwa, akwai tsakar gida, ga rangwame. Zuciyata, ki shiga ki gani mana..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau."

Hawayen da take riƙewa ya ƙwace mata.

"Ba nisan ne ya ƙona min rai ba, Musaddiq. Ni nas ce, da sassafe nake karɓar aiki, kai ma ka sani. Ka zauna kai kaɗai ka yanke yadda safiyata za ta riƙa kasancewa, sannan ka ɗauko ni ka nuna min fenti."

Ba ta shiga ba. Ta juya ta kira Ruwaida suka nufi tasha.

Da ta faɗa wa mahaifiyarta, ta zaci faɗa za ta yi. Amma Malama Larai sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Ba za ki zauna a Kiyawa ba," ta ce a hankali.

"Umma, ba wai na ce..."

"Ki saurare ni. Ba raina garin nake yi ba, ni ma ba a kan kwalta aka haife ni ba. Kin san ina koyarwa a Ringim aka yi aurena aka kai ni Aujara?"

"Na sani, Umma."

"Abin da ba ki sani ba, babanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce min in bar aiki ba. Ko sau ɗaya. Hanya ce ta ce in bari. Yau makara, gobe laulayi, jibi goyo da ruwan sama. Wallahi ban san ranar da na daina ba, na dai waiga na ga allo ya yi min nisa." Ta ɗago ta dubi 'yarta. "Da ɗinki na biya miki makarantar jinya. Ba zan zuba ido ki zubar da ita a titi ba. Ya nemo gida a Dutse, ko a ɗaga bikin."

Da zagin Musaddiq aka yi, da Ikilima ta san yadda za ta kare shi. Wannan kuwa tsoronta ne Umma ta faɗa da baki.

Ran Juma'a da la'asar sai ga Sadisu. Ɗan yayar Umma ne, dillalin gidaje da filaye, kuma ya taɓa neman Ikilima ta ƙi shi cikin ladabi. Ya zauna a kan tabarma yana kaɗa makullin mota.

"Inna, na ji abin da ya faru, raina bai yi daɗi ba. Ƙanwata guda a kai ta bayan gari? Ni dai ban sauya ba. Ga gida na kama a cikin gari, da ƙafa ma za ta iya zuwa asibiti."

Ya kunna bidiyo a waya ya miƙa wa Umma. Ikilima ba ta yi niyyar kallo ba, idonta ne ya faɗa kai. Falo mai tagogi biyu. Kicin mai shuɗin tayil, ɗaya ya tsage ta gefen famfo.

"Yaya Sadisu, mayar baya kaɗan."

Ya mayar yana murmushi.

"Tsaya nan."

A jikin bango, kusa da taga, ga rubutun fensir. Awon labulenta ne, da hannunta ta rubuta shi.

"Wannan gidan Takur ne," ta ce. "Gidan da aka ƙwace wa Musaddiq."

Murmushin ya ɗan dushe, amma bai musa ba. "Ƙwace kuma? Kasuwa ce, ƙanwata. Mai gida ya samu wanda ya fi bayarwa."

"Ka san biki saura kaɗan ka yi haka?"

"Na san namijin da ya kasa riƙe ɗaki, ba zai iya riƙe..."

"Sadisu!" Umma ce ta katse shi. "Tashi ka tafi. Zan yi magana da mahaifiyarka."

Bayan ya fita, Ikilima ta juyo da sauri, zuciyarta cike da sa rai.

"Umma, kin gani ko? Ba laifinsa ba ne!"

"Na gani. Sadisu ya yi abin kunya." Umma ta ja numfashi. "Amma abin kunyar Sadisu bai rage tsawon hanyar Kiyawa ba."

Gaskiya ce, kuma Ikilima ta kwana biyu tana juya ta a ranta. Kiran Musaddiq yana shigowa tana kallo har ya katse. Tana sonsa, wannan ba ta taɓa shakka ba. Amma kowa yana yi mata maganar hanyar nan, mai cewa za ta iya da mai cewa ba za ta iya ba, ita kuwa tun da ta fara aiki sau ɗaya ta taɓa bin ta, shi ma tana kuka.

Sai ta haɗa kayan aikinta a jaka.

"Umma, zan je wurin Gwaggo Gaji in ɗan kwana biyu. Daga can zan riƙa zuwa aiki."

Gwaggo Gaji ƙanwar mahaifinta ce, a Kiyawa take aure. Umma ta dube ta sosai, ta gane, ta ce, "Allah ya tsare."

Hanyar ba ta yi mata ƙarya ba. Tana idar da sallar asuba take fita tasha, a cusa su a tasi kamar buhuna, da ma'aikatan sakatariya da ɗalibai da mata masu kai kayan miya kasuwa. Wata rana motar ta cika nan da nan, wata rana a yi ta jiran mutum ɗaya har rana ta fito. Ranar da direba ya tsaya neman man fetur ta makara, shugabar nas-nas ta wanke ta tas a gaban marasa lafiya. Da yamma takan dawo ƙafafunta a kumbure.

Amma ta ga wani abu kuma. Fuskokin motar kusan su ne kullum. Akwai wata ma'aikaciyar kotu da ta shekara da shekaru tana bin hanyar, har ta yaye 'ya'ya a kanta. Ikilima ta tambaye ta yadda take yi.

Matar ta yi dariya. "Hanya ba ta da wuya in ku biyu kuka ɗauke ta, 'yata. In aka bar miki ke kaɗai, ko cikin gari kike sai kin gaji."

Wata safiya ta shiga baya ta zauna, sai wani ya buɗe gaba ya shigo da jakar littattafai. Ko ƙeyarsa ta gani ta san shi. Ya waiwayo zai gaida mutane, idonsu ya haɗu.

Ya juya, motar ta kama hanyar Dutse. Sai da suka sauka ya biyo ta gefen titi.

"Kilima... me kike yi a motar Kiyawa?"

"Abin da ya kamata ka bar ni in yi tun farko. Ina gwada hanyar. Kai fa?"

"Na tare a gidan. Na ce kafin in sake buɗe baki, bari in fara ɗanɗanawa." Ya dube ta. "Ya kika same ta?"

"Da wuya."

"Da wuya," ya amsa.

"Ka san Yaya Sadisu ne ya ƙwace gidan Takur?"

"Na sani tun ranar."

"Shi ne ka ƙi faɗa min?"

"Ɗan'uwanki ne, ban so in shiga gidanku da rigima. Amma ba shi ke nan ba..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kunya na ji. Na ji tsoron ki dube ni ki ga mutumin da ya kasa kama miki ɗaki a garin da kika girma. Na yi kuskure, ki yafe min."

Ta dube shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Duk fushin da ta tanada sai ta neme shi ta rasa.

"Da ka faɗa min, da tare muka yi yawon neman. Ni ba gida na ce ina so ba, Malam. Kai na ce."

"Zuciyata..."

Wannan karon ba ta hana shi ba.

"Zan zauna a Kiyawa," ta ce. "Amma ba za ka sake ɓoye min abin da ya shafe mu ba. Kuma aikina ba zai mutu a hanya ba."

"Wallahi ba zai mutu ba."

"Ba ni za ka rantse wa ba. Umma za ka je ka fuskanta."

A zauren Baffa aka zauna, ƙanin mahaifinta kuma waliyyinta. Musaddiq ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya yi bayani dalla-dalla. Ya haɗa kai da wasu ma'aikata a layinsu, mota ɗaya za ta riƙa ɗaukarsu kullum, ba jiran tasha. Ranar da Ikilima take aikin kwana, a gidan Umma za ta huta. Suna nan kuma suna tari, in Allah ya buɗa su dawo cikin gari.

"Kuma Umma, in har hanyar nan sai ta taɓa aikin ɗayanmu, to nawa za ta taɓa."

"Kowa yana faɗar haka kafin a ɗaura," in ji Umma.

Baffa ya gyara murya. "Malama, yarinyar nan ba labari aka ba ta ba. Da ƙafarta ta je ta gwada, ta dawo ta ce ta ji ta gani. A bar su."

Umma ta sauke ido kan tabarma.

"Na bar ku da Allah," ta ce. Ba ta yi murmushi ba.

Aka yi biki, aka kai amarya Kiyawa. Labulen ya yi wa tagogin yawa, Ikilima ta zauna ta rage shi da kanta.

Damina ta same ta da ƙaramin ciki. Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, motarsu ta mutu a tsakiyar hanya, ba gida gaba ba gida baya. Direba ya buɗe gaban mota yana ta dube-dube. Motocin da suke wucewa duk a cike. Can sai ga wata adaidaita ta tsaya.

"Mutum ɗaya!" mai adaidaitar ya ɗaga murya.

Ikilima ta dubi mijinta. Ranar ce masu duba makarantu za su zo, ya kwana biyu yana shiri.

"Ka hau, Malam. Ni sai in kira in ce ba ni da lafiya..."

"Lafiyarki ƙalau." Ya riga ya buɗe mata ƙofar motarsu, ya rufa mata rigar ruwansa. "Marasa lafiya suna jiranki."

"Za su ba ka takardar gargaɗi!"

"Su bayar. Hau, Kilimata."

Ta leƙo ta baya tana kallonsa tsaye a cikin ruwa, ya rungume jakar littattafansa a ƙirji, har ya ɓace mata.

Da yamma a gidan Umma suka haɗu. Ya shigo da sallama, takalmansa duk taɓo, rigar ta bushe a jikinsa, yana ta atishawa. Takardar gargaɗin kuwa an ba shi. Ikilima ta riga ta ba Umma labari.

Umma ta amsa gaisuwarsa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yi magana, kamar da kanta take yi.

"Mu ma ruwa ya taɓa tare mu a hanya, mota ta zo da wurin mutum ɗaya. Babanku ne ya hau, ni na koma gida. Ba wanda ya ga laifi a haka... har ni."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta juya ga 'yarta.

"Ke kuma kin zauna kina kallonsa? Tashi ki ɗora masa ruwan zafi. Yau a nan za ku kwana, ɗana ba zai sake bin hanya da wannan murar ba."