Galma a Hannun Gide

Barakatu ta toshe baki da gefen gyale don kada kukan ya fito.

"Rufe idonka," in ji likita. "In ka ji tsinin allura, ka faɗa."

Gide, ɗan damben da ya gagari samari tun daga Ƙanƙara har Sabuwa, ya runtse ido. Hannunsa na dama na reto kamar tsumma.

"Na ji," ya ce da sauri.

Wayyo Gide... allurar ko kusa da fatarsa ba ta kai ba. Don ita ya yi ƙaryar, ta kuwa sani.

Likita ya bi hannun yana tsira masa allurar daga kafaɗa har yatsu. Gide bai ji ko ɗaya ba.

"Ba targaɗe ba ne. Jijiyoyin da suka taso daga wuya ne suka tsinke ranar da ka faɗi a kan kafaɗa. Wata uku kuna wajen maɗori, me kuke jira?"

Gwaggonsa, wadda ta rako su asibitin Funtuwa, ta sunkuyar da kai. "An ce mana jifa ne..."

"Likita, zai tashi?" in ji Barakatu.

"Sai abin da Allah ya yi."

Ga shi Asabar ce ranar gayya. Mahaifin Barakatu, Malam Mani na 'Yargoje, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai iya komai ba sai naushi, sai ya gan shi riƙe da galma a gonarsa. Shi kuwa Barau, abokin takarar Gide, mai sabon babur na kuɗin ƙarin albashin Udoji, kullum yana zauren Malam Mani yana hura wuta: wai ciwon ƙarya ne, noma Gide ya raina.

"Bari in faɗa ma Baba gaskiya, masoyina," in ji Barakatu da suka fito daga asibiti.

"A'a, Baraka tawa. Ba ni so a ba ni ke sadaka."

Ranar Asabar ta ɗauko furar 'yan gayya. Tun daga nesa ta hango shi. Gide ya ɗaure mataccen hannun a ƙotar galma da igiyar da yake naɗawa a hannu in zai yi dambe, yana ja da hagu. Samari sun kai ƙarshen gona sau uku, shi bai gama kunya ɗaya ba. Ya faɗi, ya tashi. Ya sake faɗi.

Barau ya fashe da dariya. Babu wanda ya taya shi.

Malam Mani ya daɗe yana kallo, sannan ya share ido da hannun riga.

"Barakatu, je ki kwance mashi. Na ba shi ke."

Ta durƙusa tana warware igiyar. Ashe ta nutse cikin nama, jini ya jiƙe ƙotar sharkaf. Kuka ya ƙwace mata.

Gide ya leƙa fuskarta yana haki, murna fal idonsa.

"Baraka tawa, an ba ni ke fa... mi ya same ki kuma?"