Hayaƙin da Sallau Ya Tura Kango

Ku matso nan. Ke Ummita, kashe fitilar wayar nan ki bar mana sauran cajin, ba mu san ranar da za a kawo wuta ba. Kai kuma mai cewa a shigo da janareta falo saboda ɓarayi, zauna ka ji abin da ya sami Sallau. In na gama, in kana da bakin maimaitawa, ka maimaita.

Sallau ɗan tireda ne a Gusau, gidansa ne na ƙarshe a layinsu. Bayan katangarsa kango ne, ba wanda ya san mai shi. Ɗakunan sun daɗe da zubewa. Sai wata tsohuwar rijiya a tsakiya, an rufe ta da langa-langa an danne da dutse. Ko awaki ba sa shiga wurin.

A tsakiyar bazara matarsa Balaraba ta haihu, namiji, bayan sun yi shekaru suna nema. A makon nan kuma taransifomar unguwar ta ƙone. Kun dai san zafin Gusau. Ɗaki kamar tanda, ga mai jego tana wankan ruwan zafi safe da yamma. Ƙuraje suka feso wa jaririn a wuya, ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Sallau ya kasa jurewa. Ya je ya sayo ƙaramin janareta na hannu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai hayaƙi kamar ana ƙona taya. Ba abin da yake so illa fanka ta juya a kan ɗansa.

To, ina za a ajiye shi? A ƙofar gida ɓarayi su ɗauke. A tsakar gida hayaƙi ya dami mai jego. Sai ya hango rariyar da ke fitar da ruwan wanka zuwa kangon nan. Ya ja injin can, ya ɗaure shi da sarƙa, ya cusa bakin salansar cikin rariya, ya toshe gefe da tsumma. Har yana yaba wa kansa wayo. Bai yi sallama ba, bai yi bisimilla ba. A ganinsa, wa zai yi wa kango sallama?

Daren nan jariri ya yi barci. Sallau yana zaune yana kallonsa, sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

Ya buɗe. Mace ce doguwa, ta yi lulluɓi har ƙasa, da goyo a bayanta. Goyon yana tari.

"Maƙwabci, sannu da dare," in ji ta. "Hayaƙinka yana shigo mana ɗaki."

"Baiwar Allah, wane ɗaki? Bayana kango ne."

"Nan ɗin."

"Matata ce ta haihu. Zafi ya yi wa yaron yawa."

"Na sani, barka. Nawa ma ƙarami ne. Ka juya bakin abin nan."

"Gobe, in Allah ya yarda."

Ya rufe ƙofa. Sai da ya kwanta wani abu ya faɗo masa a rai. Injin nan, in yana aiki, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ita kuwa raɗa take yi, kuma ba kalmar da ta kuɓuce masa.

Da gari ya waye ya taka turmi ya leƙa kangon. Babu tabarma, babu toka, babu sawun kowa. Hayaƙi kawai ya yi wa ƙasa baƙin layi, daga rariya har bakin rijiyar. Ya ce a ransa wata mai taɓin hankali ce. Ga hidimar suna a gabansa, ga neman rago. Ya bar salansa inda take.

Dare ya sake yi. Ya sa wa ƙofar gida sakata da kansa. Can wajen tsakar dare ya fito da galan zai duba mai.

Matar nan tana tsaye a gefen injin.

Cikin gidansa. Ƙofa kuma a kulle.

Goyon ba ya tari yanzu. Wani ɗan sauti kawai yake yi, siriri, yana ja yana tsayawa.

"Maƙwabci, na yi maka magana."

Ƙwan fitilar tsakar gida yana kansu su biyu. Ya ga inuwarsa a bango. Tata babu. Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, kuma da ya sani da bai sunkuya ba. Baƙin mai ya zuba a simintin wurin, ta taka shi. Sawun da ta bari ba na mutum ba ne. Kofato ne, irin na jaki.

"Naka yana barci," in ji ta. "Nawa numfashinsa ya yi ƙasa."

Ya kama Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya ta ɓace masa, ya koma farko. Galan ya suɓuce daga hannunsa. Da ya ɗago, babu kowa.

Nan take ya fizge salansar daga rariya. To amma yanzu fa? Ya kashe injin, duhu ya rufe su da ita a gidan? Allah ya kiyaye. Ya bar shi a waje, ya riƙa fitowa duba mai shi kaɗai? Ko da wasa. Tsoro ya hana shi tunani. Ya kwance sarƙa, ya ja injin yana aiki har cikin falo, dab da ƙofar ɗakin mai jego.

Balaraba ta ɗago kai. "Malam, lafiya? Inji a cikin ɗaki?"

"Motsin ɓarayi na ji. Kwanta abinki."

Ya kulle ƙofar falo. Ya rufe tagogi duka. Har ƙarƙashin ƙofa ya toshe da zani, wai don kada ta sami hanyar shiga. Ya zauna ya jingina da bango, yana kallon fanka tana juyawa a kan ɗansa.

Da farko kansa ne ya fara sara. Ya ce tsoro ne. Sai wani barci mai daɗi ya fara jansa, irin wanda bai taɓa ji ba. Hannuwansa suka yi nauyi. Ya dubi jaririn. Yaron da ba ya minti biyu bai motsa ba, ga shi kwance shiru, baki a buɗe.

"Balaraba."

Shiru.

"Balaraba, duba yaron nan."

Ko gezau. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Ya zame ya faɗi, kuncinsa a kan siminti. A nan ya gane abin da ya yi da hannunsa, kuma ba shi da ƙarfin gyarawa. Hawaye kawai yake yi.

Sai ya ji taku a tsakar gida. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Sakata ta zare kanta. Injin ya mutu. Duhu ya rufe ko'ina.

Takun ya wuce ta gefen fuskarsa, ya shiga ɗaki, ya tsaya a bakin gado. Ya ji an ɗauki yaron. Ya so ya yi ihu, ya ce ta ɗauke shi a maimakonsa, murya ta ƙi fita. Takun ya fice da ɗansa. A lokacin tagogin gidan suka buɗe gaba ɗaya, iska ta shigo.

Da rarrafe ya fita, yana amai. Ga farin wata. Ga jaririn a kan tabarma, an lulluɓe shi da wani majanyi. Matar nan tana durƙushe tana hura masa iska a fuska. Yaron bai motsa ba. Ta sake hurawa.

Sai yaron ya tsanyara kuka. Daga ɗaki kuma aka ji Balaraba tana tari, tana kiran sunan Allah.

Matar ta miƙe.

"Ka ji yadda yake?" in ji ta. "Shi muka yi ta shaƙa."

"Ki yafe mini. Na cire, wallahi na cire."

"Na gani."

Ta juya za ta tafi. A nan ya ga bayanta. Babu goyo. Majanyin da ta goya ɗanta da shi ne a kan nasa ɗan.

"Baiwar Allah... naki fa?"

Ba ta waiwayo ba. "Ka makara, maƙwabci. Riƙe majanyin. Ni ba ni da wanda zan goya."

An yi suna, yaron ya rayu. Injin kuwa bai ƙara tashi ba, kanikawa uku suka duba suka ce lafiyarsa ƙalau. Sallau ya sa farantin sola guda a kan rufi, daidai na fanka da ƙwai ɗaya, ya toshe rariyar nan da siminti. Majanyin yana ƙasan akwatin Balaraba. An wanke shi ya fi a ƙirga, har yau warin hayaƙi yake yi.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Ba a kwana da inji a ɗaki, komai tsoron ɓarawo. Ba a tura wa kango hayaƙi ko ruwan zafi don an ga ba kowa. In kuma dare ya yi, kada wanda ya zagaya bayan gida shi kaɗai. Sallau ya ce duk ranar da aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, yana jin ta can wajen rijiya, tana rarrashin yaro a hankali. Bai taɓa jin yaron ya amsa ba.