Littafin Mantau a Hannun Hajiya

"Ka ba ta? Littafin gaba ɗaya ka ba ta?"

Auta ta dafe ƙirji a bayan kantar maɗaba'ar, ido waje. Mantau, mai kula da injin buga takardu, yana tsaye da tawada har gwiwar hannu, sai ƙifta ido yake yi.

"Hajiya fa ta ce kowa ya kawo shaidar burinsa na shekara, Autata."

"Kar ka ƙara ce min Autata! Ka tuna abin da kake rubutawa a ciki?"

Ya fara lissafi da yatsu. "Sayen tawada. Gyaran abin yanka takarda. Sai kuma..." Nan bakinsa ya tsaya a buɗe. "Innalillahi."

Ga yadda abin yake. Tun ranar da ya zo neman aiki ya hango Auta tana ninke takardu, yaron nan ya manta abin da ya kawo shi. Hajiya, mai maɗaba'ar kuma uwar Auta, ta gano take-takensa da wuri. Ta ce mutumin da ke rubuta aikinsa a tafin hannu ya wanke kafin azahar ba zai riƙe mata 'ya ba. Ita ɗan ƙawarta take so Auta ta aura, wani ma'aikacin banki da ko atishawa sai ya duba agogo.

Da shekara ta kama, ta raba wa ma'aikata takardar buri. Mantau ya rubuta: "Littafi ɗaya tak. Komai a ciki, kullum." Bawan Allah kuwa ya cika alkawari har ya wuce gona da iri.

Ƙofar ofis ta buɗe. "Ku biyun, ku shigo," in ji Hajiya.

Suka shiga. Hajiya ta gyara tabarau, ta lashi yatsa, ta buɗe shafi.

"Wanke inji, an yi. Yi wa Auta murmushi idan Hajiya ta juya baya, an yi." Ta ɗago ido, ta mayar. "Tura saƙo ƙarfe goma: 'Hasken idona, na goge injin tas, amma sonki ya ƙi goguwa. Ki ci abinci don Allah.' An yi."

Auta ta so ƙasa ta tsage.

"Yabon gyalen Hajiya ko bai yi kyau ba." Hajiya ta harare shi. "An yi! Sau goma sha ɗaya!"

"Mama, ki yi haƙuri..."

"Rufe min baki." Ta ci gaba da juya shafuka, amma a hankali yanzu. "Shekara guda cur, ban ga aiki ko ɗaya da ya kwana ba. Sai wannan. Layin ƙarshe, kowane shafi, babu alamar an yi." Ta tura wa Auta littafin. "Karanta."

Auta ta karanta. "Faɗa wa Hajiya ina son auren Auta."

Ta buɗe baya, ta ƙara buɗewa. Tun shafin farko yake nan. Ita da ta sha kuka a ɓoye, tana zaton wasa yake da ita!

"Me ya hana ka?" in ji Hajiya.

"Tsoro, Hajiya."

"Ni ba na karɓar littafi da ragowar aiki. Ina jin ka."

Mantau ya durƙusa har ƙasa. "Hajiya, ina son auren Auta. Zan riƙe ta amana."

Hajiya ta dubi 'yarta, ta ga hawaye da murmushi a fuska ɗaya. Ta ja dogon tsaki, ta wurga masa biro.

"Asabar, ƙarfe huɗu, ka turo iyayenka. Rubuta a gabana! Allah ya yi muku albarka, munafukai."

Ofishinta ne fa, amma ita ta suri jaka ta fita, ta bugo ƙofa har kalanda ta faɗo.