Sunan Haulat a Kwazazzabo

La'asar ta yi sanyi lokacin da Mas'udu ya tsayar da motar haya a ƙarshen hanya. Kwalta ta ƙare tuntuni, saura tsakuwa da kashin awaki. Gidajen dutse huɗu ko biyar ne a wurin. Gaba da su kaɗan ƙasa ta tsage. Kwazazzabon Jabal Shams ke nan, wanda duk mai zuwa Oman yawon buɗe ido sai ya ɗauki hoto a bakinsa.

Matarsa Haulat ta fito tana gyara mayafi. Ta leƙa, ta ja da baya da sauri.

"Abban Ikhlas, wannan ai ba shi da ƙarshe."

Abban Ikhlas. Shekara tara da aure, haka take kiransa. Kafin a haifi Ikhlas kuwa, daga "ka ji" sai "dama". Sunan nan nasa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, don a gidansu a Zariya mace ba ta kama sunan miji. Ya san da haka sarai, da can har daɗi yake ji. A shekarar korona abin ya fara yi masa ɗaci.

Injiniya ne a wani kamfanin gas a Doha. Da aka rufe gari sai aka kulle su a sansanin aiki wata biyu da 'yan kwanaki, ba shiga ba fita, ita kuma tana gida a Al Thumama da yarinya. Ghali, ɗan kawunta, direba ne a garin. Shi ya riƙa sayo tumatir da albasa a kasuwar Abu Hamour yana ajiye mata a bakin ƙofa. Bai taɓa shiga gidan ba, ko takunkumin fuskarsa bai taɓa saukewa ba. Amma fa Ghalin nan ya taɓa neman aurenta. Kuma duk wayar da suka yi sai Mas'udu ya ji: Ghali ya kawo, Ghali ya ce, Ghali yana gaishe ka. Sunan wani yana fita daga bakinta ba gargada. Mas'udu ya iya kishi, irin wanda ba a faɗa, sai dai kumburi da amsa gaisuwa da hanci.

Da gasar kofin duniya ta zo, Ghali ya kawo musu tikiti biyu na wasan Senegal, a filin da ake hangowa daga tagarsu. Na mata da miji ne, ba Ghali a ciki. Haulat ta yi ta murna. A ranar Mas'udu ya sayi tikitin jirgi zuwa Maskat, ya ce hayaniyar gari ta ishe shi. Suka bar Ikhlas a wurin maƙwabciyarsu Hannatu.

Wani dattijo ya taso daga gindin bango, yana sayar da igiyoyin saƙa na gashin awaki. Ya haɗa Larabci da Turanci ya ce hanyar tana bin jikin dutse har zuwa wani tsohon ƙauye da mutanensa suka tashi. Ya ce sun makara, amma zai raka su rabi, su dawo kafin Magariba. Sai ya dubi takalmin Haulat ya ce mata ta kula, zai yi santsi. Ta yi masa murmushi.

Tsoho ne mai haƙori uku. Duk da haka Mas'udu ya haɗe rai.

"Khalas, mun gode. Za mu iya." Ya juya wurinta. "Yalla, mu je."

Hanyar siririya ce. Dutse a hagu, rami a dama. Iska mai sanyi tana tasowa daga ƙasa da warin awaki da na busasshen ganye. Tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ya yi gaba bai waiwaya ba, tana binsa tana ɗingishi kaɗan, don takalmin ya fara cinta.

Suka yi kiciɓis da wasu Turawa biyu suna komawa. A wata kwana namijin ya tsaya ya ƙwala kiran sunan matarsa, dutse ya maido. Ita ma ta kira nasa. Suka yi dariya, suka wuce riƙe da hannu. Su ne mutane na ƙarshe a hanyar.

Mas'udu ya tsaya a kwanar.

"Ke ma ki kira nawa mana."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Haba, Abban Ikhlas."

"Ba kowa a nan. Sau ɗaya."

Dariyar ta tsaya. Ta dubi rana, wadda ta riga ta taɓa kan dutsen da ke tsallake.

"Almuru ya kusa. Inna takan ce ba a kiran sunan mutum a daji da almuru. Ba ka san wa zai riƙe ba."

"Da na Ghali ne da tuni kin kira."

Ta dube shi. Idonta ya kawo ruwa. Kallon nan ya fi zagi ƙona masa rai. Ya juya ya fuskanci ramin, ya cika ƙirji.

"Haulat!"

Dutse ya maido. Haulat.

"Don Allah ka bari," ta ce a hankali.

"Haulat!"

Ya sake maidowa, can ƙasa.

"Haulat!"

Suka jira. Na uku bai dawo ba. Iska ma ta ɗauke.

Ya yi tsaki don ya kori abin da ya ji a bayan wuyansa. Ya ce ta kawo wayarta ya ɗauke ta hoto, tasa ba caji. Ƙarya ce. Ta miƙa masa, ta je ta tsaya jikin dutse. Ya juya mata baya kamar mai gujewa hasken rana, ya buɗe saƙonninta. Na Ghali ne a sama: Allah ya kai ku lafiya, ki gaida Yallaɓai. Ya ja sama. Kuɗin albasa. Ya jikin Ikhlas. Barka da Sallah. Ya yi ta ja har ya kai shekarar korona, yana neman kalma guda da za ta ba shi gaskiya. Bai samu ba, kuma rashin samun ya ƙara masa haushi.

Da ya ɗago, wurin ya yi duhu-duhu.

Ba ta jikin dutsen.

Ya dubi hanyar komawa. Ba kowa. Ya buɗe baki zai kira, sai ya ji an riga shi.

"Haulat."

Daga gaba muryar ta zo, ta wajen tsohon ƙauyen. Muryarsa ce. Amma a tausashe, yadda yake kiranta a shekarar farko ta aurensu.

Sai ya ji dariyarta. Dariya sosai, wadda ya shekara biyu bai ji ba.

Tsoro ya kama shi. Tare da tsoron kuma, abin kunya, kishi ne ya turnuƙe shi. Da wa take wannan dariya?

Ya ruga. Tsakuwa na zubewa cikin ramin, ba ya jin saukarta. Warin awaki ya ɓace. Ƙamshin turaren lubban ya cika hanyar, kamar yanzu aka zuba shi a garwashi.

Ya sha kwana. Ga kangayen ƙauyen a ƙarƙashin wani dutse da ya rufo kamar rumfa. Ƙofofi ba ƙyaure.

Ga Haulat, takalmanta a hannu.

Ga wani a gabanta, yana fuskantarta, yana tafiya da baya a hankali. Farar rigar Mas'udu ce a jikinsa. Agogonsa. Har tabon da ke goshinsa.

Yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Tana gyaɗa kai, tana share hawaye, tana murmushi.

Mas'udu ya yi ƙoƙarin kiranta. Ba murya. Iska kawai ke fita daga maƙogwaronsa.

Wancan ya ƙara taku ɗaya da baya. Ya ƙara. Hanyar ta ƙare a nan, amma bai faɗi ba. Yana tsaye, ba komai a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Ya miƙo mata hannu.

"Kira ni," ya ce. "Sau ɗaya."

Ta sunkuyar da kai kamar amarya. Yatsun ƙafarta suna bakin ramin.

"Mas'udu," ta ce.

Ta ɗaga ƙafa.

Bai san yadda ya cinye takun da ya rage ba. Ya cafki mayafinta, ya fizgo, suka zube tare a kan duwatsu. Ta ƙwala ihu, tana dukansa, tana miƙa hannu wajen wancan. Ya rungume ta gam. Muryarsa ta dawo a shaƙe, ya kama Ayatul Kursiyyu, yana yi yana sarƙewa, yana komawa farko.

Wancan bai gudu ba. Ya tsaya yana kallon Mas'udu da fuskar Mas'udu. Mas'udu ya san kallon nan. Shi yake yi wa Ghali.

Can nesa, daga gidajen da suka bar mota, wata siririyar murya ta fara kiran sallah.

Ƙamshin ya ɗauke. Wurin ba kowa sai duhu.

Dattijon nan ne ya same su da tocila, a rabin hanya, Mas'udu yana goye da ita. Bai tambaye su komai ba. Ya haska ƙafafun Mas'udu, ya haska na Haulat, sannan ya juya ya yi gaba.

Sun dawo Doha ana tsakiyar gasa. Malami ya zo ya yi ruƙiyya kwana uku, ya ce babu komai a jikinta. Ta ci gaba da girki da kai Ikhlas wasa gidan Hannatu. Abu ɗaya ya canza. In ya kira ta daga wani ɗaki ba ta amsawa, ko sau nawa ne, sai ya zo ta gan shi da ido. Shi kuma ya daina taɓa wayarta. Sunan Ghali ya daina damunsa, don ya sami wanda ya fi Ghali. Sau ɗaya tak ta faɗi sunan mijinta a duniya, yana tsaye yana ji, kuma ba shi ta faɗa wa ba.

Wata ranar da yamma, filin wasa ya ɗauki sowa har gilashin taga yana rawa. Tana yanka albasa a kicin. Ya tsaya a ƙofa ya yi tambayar da ta hana shi sakat.

"Me ya ce miki?"

Ba ta ɗago ba. "Ya tambaye ni ko takalmin yana cina. Ya ce in cire, zai jira ni."

"Shi ke nan?"

"Ya ce in yi haƙuri. Ya ce ya san ban taɓa yi masa laifi ba." Ta ajiye wuƙar. "Shi ya sa na bi shi."

Maganar ban haƙuri ta yi wa Mas'udu nauyi, bai saba ba, amma ya tattaro ta. Ya sassauta murya iya ƙoƙarinsa.

"Haulat. Ki yi haƙuri. Na san ba ki taɓa yi min laifi ba."

Ta ɗago a hankali. Ta ja da baya har ta jingina da bango, leɓɓanta suna motsi da a'uzubillahi.

Ba fuskarsa take kallo ba. Ƙafafunsa take dubawa, ko suna taɓa ƙasa.