Rabin Saƙon Malamin Asibiti

A Dutsin-Ma, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da hankali, amma kunyarta ta yi yawa.

Kakarta Gogo tana fama da ciwon zuciya. Likita a Katsina ya ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya. Duk wata yarinyar ke raka ta asibitin garin su karɓo.

Wata rana malamin asibiti ya ba yarinyar saƙo biyu zuwa ga babanta, don Gogo ba ta ji sosai. Na farko, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Na biyu, ko cikin Gogo ya ɗaure, kada a ba ta filasko ko wani ganye mai sa zawo. A kawo ta wurinsa.

A gida ta faɗi na farko tsaf. Na biyun kuwa ta kasa faɗa. Ita ta dubi idon Baba ta yi masa zancen bayan gidan mahaifiyarsa? Ina! Ta ce sai gobe. Da gobe ta yi ta ce sai jibi, har ta bar maganar.

Bayan Babbar Sallah, Gwaggo Turai ta zo daga Kurfi da ƙullin filaskonta. Haka take yi kowace shekara. In an ci nama an ƙoshi, sai ta dafa shi da tsamiya kowa ya wanke ciki.

Gogo ta ce ai kuwa kwana uku cikinta a ɗaure yake. Da Gwaggo ta dafa, yarinyar ce ma aka miƙa wa ƙwaryar ta kai mata. Tsakar gida cike da baƙi. Ta buɗe baki, ta rufe. Tana tsaye Gogo ta sha ludayi biyu.

Kwana biyu Gogo tana zawo. Gwaggo ta ce magani ne ke aiki, ta ƙara mata. A rana ta uku Gogo ta haɗiye ƙwayarta, sai amai. Ta kasa tsayuwa. Ta ce zuciyarta na bugawa tana tsayawa, kuma komai rawaya take ganinsa.

Baba ya ɗora ta a jaki, sai asibiti, Gwaggo da yarinyar na biye. Malamin ya riƙe hannunta, fuskarsa ta sauya. Ya tambayi abin da ta sha. Gwaggo ta ce filasko ne kawai.

"Filasko? Ai na aika muku da saƙo."

"Wallahi Malam, ƙwaya ɗaya da safe kawai muka ji," in ji Baba.

Duk suka juyo suka dubi yarinyar. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kunya na ji, Baba," ta faɗa cikin kuka.

Malamin ya yi musu bayani. Ya ce zawo mai yawa yana zuƙe ruwa da gishirin jiki. In haka ta faru, sai ƙwayar ta fi ƙarfin zuciya. Nan take ya sa aka nemi mota zuwa Katsina.

Kwana shida Gogo tana can. Gwaggo Turai ba ta ci ba ta sha, tana ta cewa ita ta cuci uwarta. Wannan ya fi komai damun yarinyar. Ta je ta durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ke ba ki sani ba. Ni na sani, na yi shiru."

Gwaggo ta jawo ta jikinta, suka yi kukansu tare.

Ranar Laraba Gogo ta dawo da ƙafarta. Ta rame, amma bakin nan yana nan. Tana ganin jikarta ta ce, "Ke ja'ira, ciki nawa, kunya taki?" Kowa ya yi dariya.

Baba ya zaunar da yarinyar. Ya ce kunya abu ne mai kyau, amma babu kunya a maganar lafiya. Saƙon magani kuma ba a rage shi. Mai shan maganin asibiti kada ya haɗa da na gida sai ya tambaya.

Da yamma wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa da jiƙon maganinta a kwano. Mata sun cika ɗakin. Yarinyar ta miƙe, ta dubi maƙwabciyar.

"Inna, in mai sa zawo ne, Gogo ba ta sha."

Gogo ta yi murmushi. Ta ce, "To, yau saƙo ya iso duka."