Kaguwa Mai Ƙafa Shida

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa ta yi masa.

Tana shekara ta biyu a digirinta na biyu a sashen nazarin dabbobi. Aikinta shi ne ta sake tantance dangantakar kaguwa da jatan lande da kiril, wato ƙananan halittun teku masu kama da jatan lande, daga tsofaffin kwalaben da ke jere a ɗakin ajiyar jami'a. A gida ƙannenta Uwar Kaguwa suke ce mata. Shi kuma mai zane ne da sashen ya ɗauko don ya zana halittun a littafin ɗalibai.

Ta leƙa takardarsa ta bayan kafaɗa, ta ja tsaki.

"Malam, kaguwa da ƙafa takwas take tafiya, ban da hannayen kamu biyu. Kai shida ka zana."

Ya ɗago kai. Da suka haɗa ido sai da fensirin ya kusa suɓuce masa.

"Ranki ya daɗe, ni ban san kimiyya ba. Abin da idona ya gani na zana."

Ta fizgi kwalbar ta juye a faranti, ta sa gilashin ƙara girma. Shida ne. Can ƙarƙashin ƙwanson ta hango wasu biyu 'yan firit a naɗe. Ta sake dubawa. Wannan ba kaguwar asali ba ce, siffa kawai ta ɗauko. 'Yan'uwanta na jini su ne halittun nan masu ɓuya a ƙwanson dodon-koɗi. Shekara arba'in ke nan takardar jikin kwalbar tana ɗauke da sunan da ba nata ba.

"Ka yi haƙuri," ta ce, kunya ta rufe ta.

"Na haƙura, amma sai in za ki riƙa yi mini faɗan nan kullum."

Kafin mako ya zagayo sun zama tebur ɗaya. Shi ya lura wasu jatan landen suna da gashi-gashi a gindin ƙafafu. Ta duba, ta daka tsalle har kallabinta ya zame.

"Abin numfashinsu ne! Jatan lande a rufe yake ajiye nasa, kiril ne ke barinsa a waje. Kwalba goma sha bakwai, duk kiril ne!"

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, yau na zana kiril tara, amma duk idanunki na sa musu. Ki zo gobe ki gyara mini."

Ta amsa: "Mai Fensirina, in ka ɓata mini bincike da soyayya, kai da Farfesa mai duba aikina. Ka ci abinci kuwa?"

Da maganar soyayyarsu ta kai gida, Abbanta, tsohon shugaban makaranta, ya cire tabarau ya ajiye.

"Mai zane? Na kai ki har digiri na biyu don ki kawo mini mai zanen ƙwari?"

"Abba, ba ƙwari ba ne. Ko da yake bincike ya nuna fara da kyankyaso ma danginsu ne."

"Au, kin ji! Har da kyankyaso a dangin." Umma ta toshe baki tana dariya, amma shi bai dara ba. "Ga Dakta can na sashenku, sau biyu yana zuwa gaishe ni. Shi ne sa'anki."

Daktan nan ya daɗe yana bin ta, ita kuma ba ta taɓa ba shi fuska ba. Kuma shi ne mai kula da aikin littafin da Mai Fensir yake yi.

Saura wata guda ta gabatar da bincikenta, ta je ɗaukar takarda a ofishin sashe, sai ta ga wata maƙalar bincike a kan firinta. Ga kaguwa mai ƙafa shida, ga kiril ɗinta goma sha bakwai, ga zanen da ta san hannun mai shi ko a mafarki. Sunan Dakta ne kaɗai a sama.

Nan take ta rubuta wa Mai Fensir: "Ashe da zanen ka sayi kujerarka. Na gode. Kada ka sake nema na."

Ya kira sau ashirin, ba ta ɗauka ba. Kwana huɗu ba ta shiga ɗakin ajiya ba. Umma ta kai mata abinci ɗaki, ta dawo da shi yadda yake.

A rana ta biyar Farfesa, mai duba aikinta, ya aika a kira ta. Tana shiga ta ga Mai Fensir a tsaye, ya rame, ga littafin zanensa a buɗe a kan tebur.

"Zauna, 'yata," in ji Farfesa. "Dakta ya karɓi zanen nan da sunan littafin ɗalibai ne. Yaron nan bai san da maƙala ba sai da saƙonki ya iso. Ya zo ya ce mini ko za a kore shi, sai ya faɗi gaskiya."

Ta ja littafin. Kowane shafi da kwanan wata, a gefe kuma ya rubuta duk abin da ta faɗa ranar, kalma da kalma. Har da tsakin ranar farko.

"Me ya sa kake rubuta maganata?" ta tambaya, hawaye na zuba.

"Ba na son ko ɗaya ta ɓace mini, sanyin idona."

Farfesa ya yi gyaran murya. "Ina nan fa, ban fita ba."

An janye maƙalar, aka karɓe aikin littafin daga hannun Dakta. Farfesa da kansa ya buga wa Abba waya ya ce lallai ya zo ranar gabatarwa.

Zauren ya cika. Ta tsaya gaban allo, zanen Mai Fensir na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ta bi reshe-reshe: ga masu ƙafa goma, su kaguwa da jatan lande; ga kiril a nasa reshen; ga siffar kaguwa da ta ɓullo a zuriya daban-daban, ba sau ɗaya ba. Baƙon malamin da ya zo jarrabawa ya tambaye ta ko kiril ne mafi kusa da masu ƙafa goma.

"Haka aka daɗe ana cewa, ranka ya daɗe, amma binciken ƙwayoyin gado ya sa shakku. Kwalabena ba su isa yanke hukunci ba, ni ma ba zan yanke ba."

Ya ajiye biro ya fara tafi. Zauren ya ɗauka.

A bakin ƙofa Farfesa ya riƙo hannun Abba, ya ba shi labarin littafin zanen tun daga farko. Abba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya yafito saurayin, wanda ya zo ya durƙusa.

"An ce ka sa aikinka cikin haɗari saboda haƙƙin 'yata."

"Nata ne, Abba. Ba zan iya kallo a ɗauke ba."

"To tashi. Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Gidan ya cika da gwaggwanni da ƙawaye, 'yan sashe suka zo mota guda, Farfesa a gaba da babbar riga. Da za a tafi da ita, Abba ya haɗa hannunta da na angon cikin nasa.

"Na yi maka gaggawar hukunci, ɗana, ka yafe mini. Ga ta nan, amana ce. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka, Ya sa ku tsufa tare."

"Amin!" gidan ya amsa baki ɗaya. Umma ta rungume 'yarta, angon ya buɗe mata ƙofar mota, ta shiga tana kuka tana dariya.